Dillali ya ce shekararsa 6, amma haƙoransa sun sa ni shakka

Mai Son Kilisa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar dawaki. Ranar Alhamis da ta wuce na je kasuwar Maigatari tare da kawuna, muka ga wani kili mai kyan ƙira wanda nake sha'awar saya domin hawan Sallah. Dillali ya dage cewa shekararsa 6, ni kuwa na roƙa aka buɗe mini bakinsa na duba. Haƙoransa na gaba duk manya ne masu ruwan ɗorawa, fiƙarsa ta fito sosai, saman haƙoran ƙasa kuma sumul yake, babu rami ko ɗaya. A haƙorin gefe na sama na lura da wani siririn layi mai duhu da ya sauko daga dasashi, amma bai kai tsakiyar haƙorin ba. Ban biya ba, na ce zan koma mako mai zuwa. Don Allah, me waɗannan alamomi suke nunawa?

Tsohon Mai Barga:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ba ka yi gaggawar sallama kuɗinka ba, domin abin da ka bayyana ba bakin doki ɗan shekara 6 ba ne.

Doki yana da haƙoran gaba 12, shida a sama, shida a ƙasa, kuma su ake karantawa. Dukushi yana farawa da haƙoran nono, ƙanana farare masu siririn wuya a wajen dasashi. Idan ya kai shekara biyu da rabi sai ya yi famfarar na tsakiya, a uku da rabi na kusa da su, a huɗu da rabi na gefe, ta yadda a shekara 5 bakinsa ya cika. A tsakanin shekara 4 zuwa 5 ne kuma fiƙa take fito wa namiji, goɗiya kuwa galibi ba ta yin ta. Har zuwa wannan lokaci lissafin ba ya yin nisa da gaskiya.

Daga nan sai a koma kan ramin. Kowane sabon haƙori yana zuwa da baƙin rami a samansa, wanda cin abinci yake goge shi sannu a hankali. A haƙoran ƙasa, ramin na tsakiya yakan shafe a wajen shekara 6, na kusa da su a 7, na gefe a 8. Da dokin nan ɗan shekara 6 ne, da ka ga rami a fili a haƙora huɗu na ƙasa, musamman na gefe waɗanda ba su daɗe da fara gogayya ba. Tun da ka ce duk sumul suke, to, ya wuce 8, ko da dillali ya rantse da abin da zai kashe shi.

Malamin Dabbobi:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai in ƙara a kan layin da ka gani, domin shi ne ya fi ɗaukar mini hankali. A littattafan kiwon dawaki ana jingina wannan tsagi ga Sydney Galvayne, wani mai horar da dawaki da ya yayata shi a Ingila a ƙarni na 19. Yana ɓullowa a bakin dasashi a wajen shekara 10, ya kai rabin haƙorin a 15, ya kai ƙarshensa a 20, daga nan ya soma ɓacewa daga sama. Wanda bai kai rabi ba yana nuna tsakanin 11 da 14.

Amma ina roƙonka, Malam, kada ka rataya hukuncinka a kan tsagin kaɗai, saboda akwai dawakin da ba ya fito musu sam, akwai kuma wanda za ka ga na dama da na hagu ba su yi daidai ba. Idan ka koma, ka dubi siffar saman haƙorin: na matashi mai faɗi ne daga gefe zuwa gefe, na mai matsakaicin shekaru yana komawa zagayayye, na tsoho kuma mai kusurwa uku. Sannan ka tsaya ta gefensa ka ɗaga leɓe, domin haƙoran matashi suna haɗuwa kusan a tsaye, na tsoho kuwa sukan yi tsawo su turo gaba.

Ɗan Damagaram:

Ni ina da ja kaɗan a kan batun ramin. A nan wajenmu, dokin da ake zuba wa harawa da ingirici a kan rairayi yana tauna yashi tare da abincinsa, haƙoransa kuma suna cinyewa da wuri, haka ma wanda ya saba gwaguyar turke. Na taɓa riƙe wani akawal da aka haifa a gabana, wanda baƙo ya duba bakinsa ya ƙara masa shekara biyu cur. Duk da haka yashi ba ya haƙa tsagi a jikin haƙori, don haka ni ma ban yarda da 6 ba.

Shawarata ita ce kada shekarun su hana ka sayensa idan ƙafafunsa lafiya suke. Doki ɗan shekara 12 ya fi natsuwa a cikin ƙarar bindiga da algaita, kuma mai koyon hawa ya fi samun kwanciyar hankali a kansa. Kuɗin ne ya kamata ya sauka. Ka tafi da ɗan dawa a aljihu ka ba shi, ka tsaya ka ga yadda yake taunawa. Idan hatsin yana zubowa ta gefen baki, akwai matsala a turamensa na ciki, sai ka nemi likitan dabbobi ya duba kafin a yi ciniki.