Tarihin tashar jirgin ƙasa ta Bukur

Ɗan Gyel:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani a kan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Bukur da ke kusa da Jos. Dattawa suna cewa saboda kuza aka kafa ta, kuma faɗuwar kasuwar kuza ce ta kashe ta. Shin haka ne, kuma a wace shekara jirgi ya fara isa garin?

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam. Layukan dogo biyu ne suka isa Bukur, kuma sau da yawa ana cakuɗa tarihinsu. Na farko shi ne ƙaramin layin da ya taso daga Zariya, wanda Turawa suka raɗa wa sunan Bauci duk da cewa bai taɓa isa birnin Bauci ba, domin a lokacin yankin Jos yana cikin lardin Bauci. Ya kai Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukur a 1914, faɗinsa kuwa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal. Kafin zuwansa, 'yan dako ne suke ɗaukar kuza a ka, su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa.

Na biyu shi ne babban layin da ya fito daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Kafanchan, ya iso a 1927. Shi ne ya riƙa kawo kwal don injinan haƙa, ya koma da buhunan kuza kai tsaye zuwa bakin teku, ba tare da wahalar sauke kaya a Zariya a sake loda su a manyan taragu ba. Tun daga nan ƙaramin layin ya fara rasa ciniki, har aka rufe shi a 1957, alhali kuza tana da daraja a kasuwa.

Hajiya Ladi:
Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai a ganina maganar dattawan ba ta faɗi ƙasa ba idan babban layin ake nufi. A da, Bukur ce cibiyar kamfanin haƙar kuza na Amalgamated Tin Mines, kuma da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, kayan da tashar ta dogara da su sun ƙare.

Malam Tanko:
Gaskiya ne, Hajiya, amma ko kafin 1985 manyan motoci sun riga sun ƙwace dakon kaya, ita kuma hukumar jiragen ƙasa ta kasa gyara taragu da dogo a faɗin ƙasar, har a garuruwan da ba su taɓa haƙar kuza ba. Ɗan Gyel, idan kana son ganin siririn dogon da idonka, ka je harabar gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye tsofaffin kawunan jirgin ƙaramin layin.