A biya masu fadama su bar ta? To, wa za a biya?

Bashir Mile 12: Jama'a, ga tawa. Maimakon kukan ambaliya duk damina, gwamnatin Legas ta riƙa biyan masu fili a Epe da Badagry wani abu duk shekara, su bar fadamarsu ta sha ruwanta, kada su cike ta da yashi. Kosta Rika tun 1997 take biyan masu daji haka da harajin man fetur, kuma dajinsu ya farfaɗo.

Barista Hadiza: Yaya Bashir, wa za ka biya? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha kacokan a hannun gwamna amana. Ni da kai izinin zama kawai gare mu. Sashe na 29 ma ya fi ba ni haushi. In gwamna ya karɓe fili, diyyar abin da ka gina ko ka shuka ake ba ka. Wanda ya bar kurminsa bai taɓa ba, me ya gina? Ka ga doka da kanta ke cewa ka sare, ka cike, ka zuba harsashi.

Alhaji Garba: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Fili ɗaya na saya wajen Ikorodu, sau biyu na biya. Na sallami babban wa, ranar da aka sauke bulo sai ga ƙanin da yaransa, ya hau kan bulon ya harɗe, wai shi ma gadon ubansa ne. A ce kuɗi na faɗowa duk shekara? Har na kabari sai sun taso.

Bashir Mile 12: To a biya gari gaba ɗaya ta hannun baale, wato mai garin.

Malam Isa: Sai su masunta da matan da ke itace a wurin su ci me? Su ake hanawa, kuma babu mai takarda a cikinsu.

Bashir Mile 12: Sai a gyara dokar mana.

Barista Hadiza: Tana ƙunshe a sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999. Taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundin, da amincewar kashi 2 cikin 3 na majalisun jihohi. Wane gwamna zai saki wannan ragama?

Bashir Mile 12: Ni dai ban sauka ba. A fara da masu C of O, takardar shaidar fili ta gwamnati.

Alhaji Garba: Mai C of O a bakin ruwa, Bashir? Tirelar yashinsa na kan hanya.