Rarar canji tsakanin sidi da sefa: tawa ce ko ta kawuna?

Ɗan Galmi a Kwadaso:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kasuwa da waɗanda suka san hukunci, don maganar nan tana neman raba ni da kawuna.

Ni mutumin Galmi ne ta jihar Tawa a Nijar, ina zaune a Aboabo nan Kumasi a ƙasar Gana, sana'ata albasa a kasuwar Kwadaso. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke sayen albasa hannun manoma can gida, ya loda mota ya turo mini. Idan mota ta tashi sai ya kira ni ya faɗi kuɗinta da sefa, ya ce idan na sayar in turo masa. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, ba takarda, ba shaida. Ni kuma in sauke kaya, in raba wa matan kasuwa bashi da sidi, kuɗin Gana, wata buhu biyar, wata ashirin. Kuɗin ba ya haɗuwa sai bayan makonni, don kowace sai ta sayar take biya. Sannan in nemi sefa in tura.

A 2022 duk wanda ke Gana ya san abin da ya faru. Dala ta shiga shekara tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta kusa 15. Jakar sefa, wato sefa dubu, da nake saye sidi goma da 'yan kai ta haura ashirin. Kayan da na bayar bashi da tsohon lissafi, ranar da kuɗin ya haɗu ko kusa bai kai abin da kawu ya faɗa ba. Na sayar da babur ɗina, matata ta cire 'yan kunnenta na zinari ta ba ni, na cika masa sefarsa ba ragi. Ya sa mini albarka, magana ta wuce.

A 2025 sai abin ya juya. Motocin da na sauke a Afrilu, lokacin dala tana sama da sidi 15, kuɗinsu bai gama shigowa ba sai ƙarshen Mayu, dala ta sauko kusa da 10. Na sayi sefar kawu da sauƙi, na tura masa cif, rara mai kauri ta saura a hannuna. Da ita na biya mai gida, wanda ya kafe sai na ba shi hayar shekara biyu gaba ɗaya, na sabunta katin baƙi, na biya kuɗin makarantar yara. Wani direba ya kai wa kawu labari. Yanzu cewa yake albasa tasa ce, don haka sidin da aka sayar da ita nasa ne, ni la'ada kawai nake da ita. Har ya kai ƙarata wurin mahaifiyata, tana kira na tana kuka.

Idan sidi nasa ne, me ya sa ranar da sidi ya faɗi ni kaɗai na ɗauki asara? Ku faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Alhaji Mai Goro, Alabar:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in ce komai, amsa mini wannan: idan mota ta iso rabin albasa ta ruɓe, ko wata mata ta ci bashi ta gudu, wa ke ɗauka, kai ko shi? A nan amsarka take.

Abin da ya fi damuna shi ne barin kuɗi yana kwana a hannunka makonni kana jiran ya cika. Mu masu goro da ke kai kaya Agege mun daɗe da barin wannan, don naira ma ta sha juya mana baya, balle daga Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta riƙa yanke farashinta. Musaya muke yi. Akwai mutanen Ƙonni da Madawa da ke zuwa nan sayen katako a Sokoban, ko goro a wurinmu. Su sidi suke nema a Kumasi, kai sefa kake nema a Nijar. Ka sami ɗaya amintacce, ku yanke farashi a waya, yaronsa ya kai wa kawunka sefa a ranar, kai ka miƙa masa sidi a nan. Ko sisi bai ƙetare Paga, iyakar Gana da Burkina, ba, ba ɗan sanda, ba ɗan fashi. Duk abin da ya shigo maka a mako ka juya shi a makon, kada ka jira mota ta cika.

Kuma ka sayi littafi. Matan Kwadaso har yau da tsohon kuɗi suke lissafi, ta ce maka miliyan ɗaya tana nufin sidi 100, tun canjin 2007 ba su sauya baki ba. Kawunka yana ƙirga jaka, kai kana tsakiya da kuɗi iri uku a ka. Na ga 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa kan irin wannan.

Malam na Asawase:

Tambayar Alhaji ita ce asalin mas'alar. Idan kawunka sayar maka da kaya yake yi bashi da sefa ƙayyadadde, kaya sun zama naka, ribarsu taka, asararsu taka, shi sefarsa kawai yake bi, ko sidi ya hau ko ya sauka. Idan kuwa kai wakilinsa ne da ke sayar masa kan la'ada, to sidin amana ne a hannunka: rarar 2025 tasa ce, amma asarar 2022 ma tasa ce, sai ya mayar maka da kuɗin babur da na zinarin iyalinka. Ba ya halatta mutum ya riƙe ciniki ranar faɗuwa, ya koma wakilci ranar riba.

Sai abu guda game da musaya. Canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu. Abdullahi ɗan Umar yana sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, ya tambayi Annabi (SAW), aka ce masa babu laifi idan da farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Don haka a yanke farashi a biya a zama ɗaya, kada a yanke yau a ce biya sai jibi. Allah ne mafi sani.

Hajiya Mai Tebur, Kejetia:

Ɗan'uwa, ni ina cikin masu karɓar albasa bashi, kuma ba don son rai muke jinkiri ba. Buhu na buɗewa sai ka zauna kana tsince ruɓaɓɓu kullum, nauyi na raguwa, mai saye kuma da ya ji sidi ya yi ƙarfi sai ya ce a rage masa. Idan kana son kuɗinka da wuri, karɓi kaɗan-kaɗan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk yamma. Tun da aka cire harajin tura kuɗi a Afrilun 2025 ba wadda za ta ce maka ana yankar mata haraji.

Batun kawu kuwa, ko malamai sun ba ka gaskiya, mahaifiyarka a gabansa take zaune, kai kana nan nesa. Shi zai kai ta asibiti kafin saƙonka ya isa. Ka sa wannan a lissafi.

Abdul Nima:

Ni aikin banki nake yi a Accra, bari in ƙara biyu. Na farko, yaya, kana kallon dala alhali sefa ba da dala aka ɗaure ta ba. Da yuro aka ɗaure ta, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi tun 1999. Farashin yuro da sidi shi za ka riƙa dubawa kowace safiya, daga nan za ka gane ko mai canji ya tsawwala maka.

Na biyu, da girmamawa ga Alhaji, dokar canjin kuɗi ta Gana ta 2006 ta hana sana'ar canji ba lasisi, kuma 'yan sanda sukan kai samame Tudu, unguwar 'yan canji a Accra, da wurare irinsa. Wanda baƙo ne a ƙasa shi ya fi shan wahala idan aka kama shi da kuɗi mai yawa ba rasit. Shagunan canji masu rajista suna sayar da sefa, za su nemi katinka su ba ka takarda. Wasu za su ce maka PAPSS, tsarin da bankin Afreximbank ya ƙaddamar nan Accra a Janairun 2022 don ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, na can ya karɓa da nasa. Abu ne mai kyau, amma da ƙasashe shida aka fara shi, Gana, Najeriya, Gambiya, Gini, Laberiya da Saliyo, kuma ba mai cin sefa a cikinsu. Ka tambayi bankinka ko yana iya kai maka Nijar kafin ka dogara da shi.

Ɗan Galmi a Kwadaso:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, ga amsa. Bashin da mata suka cinye ni nake ɗauka, kawu bai taɓa tambaya ba. Ruɓa ta bayan sauke kaya ma tawa ce. Amma akwai abu guda. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe iyakar Benin hanya ta rikice, wata mota ta daɗe a hanya ta iso tana zubar da ruwa, wari tun daga bakin kasuwa. Na ɗauki hoto na tura masa. Da bakinsa ya ce in biya rabin kuɗin, ya yafe rabi. Ban roƙe shi ba. To Malam, wannan ya mayar da ni wakili, ko alheri ne kawai ya yi mini?

Alhaji Mai Goro, Alabar:

Malam zai ba ka ta malamai, ni ga ta kasuwa. Wanda ke ɗaukar bashin da aka cinye shi ne mai kaya, don haka a wurina sayen kaya kake yi, rara taka ce. Amma mutumin da ya yafe maka rabin mota ba wanda za ka ce wa "ba ka bi na komai" ba ne. Ɗauko takarda ka jera uku: abin da ka cika daga aljihunka a 2022, abin da ya yafe a 2023, rarar 2025, duka ka mayar da su sefa da farashin lokacinsu. Kada ka aika ta waya. Idan za ka gida, ka nemi dattijo guda cikin masu lodin albasa na Galmi wanda kawunka ke jin nauyinsa, ku zauna ku uku, mahaifiyarka ba ta wurin. Abin da ya fito, ko kai ke bi ko shi, a faɗe shi a gaban dattijon, sannan ku yanke yadda mota ta gaba za ta kasance: ciniki da sefa, ko wakilci da la'ada kan kowane buhu. Kafin nan ka biyo ta Alabar bayan la'asar, ka tambayi rumfar masu goro, in haɗa ka da wani mai katako ɗan Madawa da muke hulɗa da shi.