Wanda ya ba da shawarar sayen hannun jari a zaure, wajibi ne ya faɗi ranar da ya sayar?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin wani zauren Telegram na masu saye da sayar da hannun jarin kamfanonin Amurka cikin 'yan kwanaki. Makonni uku da suka wuce, wani da muke ganin girmansa ya yi ta yabon wani kamfanin fasaha, ya kuma nuna mana cewa ya sayi opshin ɗin saye wanda wa'adinsa zai cika ranar Juma'a. Na bi sahunsa da dala 180. Ranar Talata farashi ya ɗan ɗaga, ya sayar da nasa bai ce uffan ba, ni kuwa na riƙe har Juma'a, kuɗin ya narke ƙurmus. Da na yi ƙorafi sai aka ce ai shi ba dillalina ba ne. Shin babu haƙƙina a kansa?

Malam Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Da farko ya kamata ka gane abin da ka saya, domin ba hannun jari ba ne. Opshin tamkar kafin alƙalami ne wanda ba a mayarwa: ka biya domin a ba ka damar sayen hannun jari 100 a kan wani farashi da aka yanke, kafin wata rana da aka yanke. Dala 180 ɗinka na nufin ka biya dala 1.80 a kan kowane hannun jari. Idan ranar ta zo farashin kasuwa bai haura wanda aka yanke ba, damar ta mutu da kuɗinka, kuma darajarta tana zagwanyewa kowace safiya ko da farashin bai motsa ba, musamman a makon ƙarshe. Shiga irin wannan ciniki ba tare da ka tsara wa kanka lokacin fita ba, wannan kuskurenka ne. Amma shirun da ya yi bai dace ba. Wanda ya yi shelar shigarsa a gaban jama'a, ya yi shelar fitarsa a wuri guda.

Uwar Biyu:
Na yarda da Malam, kuma labarin GameStop, kamfanin Amurka mai sayar da wasannin bidiyo, ya ishe mu misali. A farkon Janairun 2021 hannun jarin kamfanin bai kai dala 20 ba. Manyan masu zuba jari sun yi aron hannun jarinsa sun sayar, suna jiran ya faɗi su saya da araha su mayar, sai ƙananan 'yan kasuwa na zauren WallStreetBets a dandalin intanet na Reddit suka yi masa rubdugu da saye, har ya taɓa dala 483 ranar 28 ga watan, ranar da manhajar cinikin hannun jari ta Robinhood ta hana sayensa. Kamfanin zuba jari na Melvin Capital, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aron, sai da aka tallafa masa da dala biliyan 2.75.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne yadda aka mayar da sayarwa abin kunya. Duk wanda ya ce zai fita sai a kira shi mai hannun takarda, wato rago, wanda ya riƙe kuma a yi masa kirari da mai hannun lu'ulu'u. Kafin ƙarshen mako na uku na Fabrairu farashin ya dawo ƙasa da dala 50, kuma waɗanda suka shiga a makare, suka riƙe don gudun gori, su suka kwana ciki. Keith Gill, wanda ya fi kowa tallata kamfanin, aƙalla a lokacin ya riƙa wallafa hoton asusunsa a ranar riba da ranar faɗuwa. Mutumin zaurenku ko wannan bai yi ba.

Abu Safiyya:
Hajiya, ina da ɗan ja. A cinikin da farashi ke juyawa cikin minti biyar, sanarwar fita ba lallai ta ceci kowa ba, don kafin ka karanta saƙon kasuwa ta wuce. Abin da nake ganin ya zama dole shi ne mai shawara ya bayyana tun farko nawa ya zuba, a wane farashi ya shiga, a ina zai tsayar da asara, da kuma ko wani ya biya shi ya yi tallar. Sannan ɗan'uwa, ka tuntuɓi malamai kafin ka koma, domin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta yanke a 1992 cewa cinikin opshin a yadda ake yin sa a kasuwannin kuɗi bai halatta ba.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa shugaban zauren sharuɗɗan da Abu Safiyya ya kawo, na haɗa da sanarwar fita da Malam ya ambata, ya ce za a tattauna a kansu daren Asabar. Batun hukuncin kuma zan kai wa limaminmu gobe bayan sallar Asuba.