Neman kalmar Hausa: sunan wata sankarar fata don shirin rediyo

Hadiza:
Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin lafiya a rediyo, kuma baƙona, likitan fata, zai yi bayani kan cutar da ake kira eccrine porocarcinoma, wadda wasu likitoci biyu, Pinkus da Mehregan, suka fara bayyana ta a 1963. Ba a cika samunta ba, tana farawa ne daga siririyar hanyar da zufa ke bi ta fito saman fata, kuma ta fi kama tsofaffi a ƙafa ko kai ko wuya. Wane suna zan ba ta da mai sauraro a ƙauye zai gane?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama. Ina ganin "sankarar hanyar zufa" ta wadatar.

Malam Bello:
Ni na fi son "dajin jiɓi". Gajere ne, yana da daɗin faɗa, kuma jiɓi kalma ce ta iyaye da kakanni da muke barin ta tana mutuwa.

Likita Aminu:
Malam Bello, Allah ya ƙara girma, amma ina roƙon a guji "daji" a nan. Mutanenmu da yawa sun yarda cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, alhali babban maganin wannan cuta shi ne a yanke ƙarin tun da wuri, har da ɗan naman da ke kewaye da shi. Yakan fara kamar jan tsiro da ya daɗe a jiki bai dami kowa ba, sai ya soma girma, yana ƙaiƙayi, yana zubar da jini, ya zama gyambo. Idan aka tsaya shafe-shafe, cutar takan bazu zuwa kaluluwa, kuma daga nan aikin ya yi wuya. Ko "kansar zufa" ta fi mini.

Malam Bello:
Likita, kalmar "kansa" aron kasala ce. Ku 'yan asibiti kun saba ɗauka cewa kalma ba ta da daraja sai ta fito daga Turanci.

Malam Sani:
Asibiti da likita da kake faɗa ma aro ne, Malam. Matsalar jiɓi ita ce yaran yanzu gumi da zufa suka sani.

Malam Bello:
Yaran birni ke nan, kuma ba su ne ma'aunin Hausa ba.

Hadiza:
Na gode muku. Zan ce "sankarar hanyar zufa", sannan likita ya bayyana alamominta, domin kada a ɗauka yawan zufa ne ke kawo ta.

Malam Bello:
Na haƙura da daji saboda hujjar likita. Jiɓi kuwa ban janye ba, kuma ina roƙon ki ambace shi ko sau ɗaya ne a cikin shirin.