Neman shawara: ina son ɗaga a-kori-kurata, amma da ita nake zuwa aiki kullum

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Ina da Toyota Hilux ta dizal, mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu. Da ita nake zuwa aiki, kusan kilomita 60 zuwa da dawowa, duk kwalta. Ƙarshen mako nakan shiga gona. Hanyar burji ce da ɗan yashi, akwai rafi da nake tsallakewa, da damina kuma wani wuri yakan yi laka. Makon jiya cikin motar ya daki dutse, har yanzu ƙarar tana raina. Tayoyin da ke kanta 265/65R17 ne. Wani ya ce in ɗaga ta inci 4, in sa tayoyin laka 285/70R17 da bambar ƙarfe. Kuɗin da na tara ba zai yi duka ba, kuma a cikinta nake ɗaukar yara. Da me zan fara?

Bakanike a cikinmu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko sisi, shiga ƙarƙashin motar da tocila ka ga inda dutsen ya taɓa. In tulun aksil ɗin baya ne, wancan kumburin da ke tsakiyar tayoyin baya, to ɗaga mota ba zai yi maka maganin komai ba. Sufurin (spring) da shok, waɗanda ake canzawa in za a ɗaga mota, suna ɗaga bodi da shasi ne, shi kuwa aksil yana nan inda yake, tsayin taya kaɗai ke nesanta shi da ƙasa. Mutane da yawa ba su gane wannan sai sun biya kuɗi.

Ga lissafin. Tayarka ta yanzu tsayinta kusan milimita 776 ne. 265/70R17 tana kai 803, 285/70R17 kuma 831. Rabin bambancin ne kake samu a ƙarƙashin aksil, wato milimita 13 da ta farko, 27 da ta biyu. Amma babbar ta fi taka da kusan kashi 7 cikin 100. Ma'ana in mitar gudu ta nuna 100, kana kusa da 107. Motar za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara wahala, kuma sau da yawa tayar takan goga jiki in ka murɗa sitiyari ƙarshe.

Inci 4 kuwa ni ban yarda ba. Gaban Hilux kowace ƙafa da shaf ɗinta, wato sandar da ke juya tayar. In ka ɗaga da yawa shaf ɗin yana karkacewa fiye da yadda aka ƙera shi, robarsa ta yage, giris ya watse, yashi ya shiga. Na sha kwance irin su, sai ka ga giris ɗin ya zama kamar taɓo. Bol-join ma haka. In dai sai ka ɗaga, kada ka wuce inci 2, da shok da sufurin masu kyau, a yi alayimen a ranar.

Wani mai irin motar:
Abin da Oga ya faɗa gaskiya ne, a kaina ya faru. Na sa tayoyin laka don sun yi mini kyau a ido. Sati biyu ina shiga kwalta da gurnani kamar jirgi, ko rediyo ba na ji sosai. Ranar da na tsorata ita ce ranar da aka yi yayyafi, na taka birki a mahaɗar hanya, motar ta ci gaba da sulalewa, bayanta babu kaya yana neman juyowa. Allah ne ya tsare. Tun daga nan na koma tayoyin A/T, waɗanda aka yi don kwalta da burji duka. Kai da kwana biyar cikin bakwai kana kan kwalta, su ne naka. Ka tuna kuma mota in ta ƙara tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, ga yara a baya.

Tsohon direba:
Ɗana, ina da tambaya. Ka taɓa rage iskar taya kafin ka shiga yashi? Ka rage zuwa kamar 20 psi a gejin awon iska, tayar za ta baje, motar ta hau kan yashin maimakon ta tona. Amma ka sayi ƙaramin injin iska mai aiki da batir da gejinsa, kana hawa kwalta ka mayar da iskar yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba. Gudu da taya mai ƙarancin iska yana zafafa ta har ta fashe.

Sannan giya. 4H, giyar jan ƙafa huɗu ta tafiya da sauri, ta burji da laka ce, ka sa ta tun kafin ka shiga, ba sai ka maƙale ba. 4L, ta jan ƙafa huɗu mai ƙarfi da ƙaramin gudu, sai ka tsaya cak, ka sa giya a firi, ita ce ta hawa dutse a hankali. Kada ka bar ta a 4H a busasshiyar kwalta. Gaba da baya a ɗaure suke, a kwana kuma tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, ƙarfe ne zai sha wahalar. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, taya tana tsalle.

Mai tambaya:
Na gode Baba, gaskiya ban taɓa rage iska ba. Na duba yau, ƙarƙashin injin ne ya daku, ledar da ke rufe wurin ta tsage. Bambar fa, da maganar rafin?

Bakanike a cikinmu:
To ka ga abin ya zo da sauƙi. Farantin ƙarfe na kare ƙarƙashin inji kake buƙata, shi za ka fara saya, sai tayoyin A/T 265/70R17 guda biyar har da safaya, don girmansu ya zama ɗaya. Bambar ƙarfe ka bar ta tukuna. Nauyi ce a kan hancin mota, tana danne sufurin gaba ta cinye tsayin da kake nema, kuma wadda aka haɗa a wurin walda ba a gwada ta da jakar iskar hatsari ba.

Rafi kuwa, ka sauka ka auna da sanda. Toyota ta ba Hilux ƙirar 2015 zuwa sama zurfin milimita 700, amma ni in ruwa ya wuce gwiwa ko yana gudu da ƙarfi, ba na shiga. Injin dizal in ya zuƙi ruwa, rodin fistin da ke cikinsa ke lanƙwashewa. Bayan ka tsallake ka riƙa taka birki a hankali ya bushe, in damina ta wuce kuma a duba man aksil. In ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a juye shi.

Wata 'yar uwa:
Ku ƙara masa wannan. In ka maƙale aka zo janka, kada a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela. Yana iya ɓallewa ya tashi kamar harsashi, ya kashe mutane a haka. A ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, kowa ya matsa nesa, yaran su sauka. Ka ajiye shebur da katako mai faɗi na ɗora jak a bayan motar, a ɗaure su da kyau.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Zan sa farantin a wannan makon, tayoyi da injin iska ƙarshen wata. Maganar ɗagawa na ajiye ta sai na ga yadda damina ta kasance, zan dawo in gaya muku.