Yaya zan auna aikin Waris Hussein a shirin da ya ɓace?

Jama'a, don Allah ku taimaka mini. Ina rubutu ne kan rayuwar Waris Hussein, daraktan da aka haifa a Lucknow ta Indiya a 1938, wanda ya ba da umarni a labarin farko na Doctor Who, shirin ƙagaggen labarin kimiyya na BBC, a 1963 yana ɗan shekara 24. Wannan na kalle shi, ba matsala.

Inda na maƙale shi ne wani labarin na Doctor Who, wato Marco Polo na 1964. Kashi bakwai ne, shida nasa, kuma bidiyon duk ya ɓace, sai sauti da hotuna marasa motsi. Alhali a tafiyar kyamara ake gane hannun darakta. Na saurari sautin har sau uku, na kasa fitar da komai. Wanda ya taɓa nazarin irin wannan aiki, ta ina ya fara?